Za a sallami maigidana daga soja da ƙafa ɗaya: ta ina zan fara neman na kaina?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni matar soja ce, shekarata 34, 'ya'yanmu huɗu, muna zaune a bariki a Kaduna. Maigidana saje ne, shekararsa 16 a aiki, uku daga ciki shi ke riƙe da siton kamfaninsu. Bara motarsu ta taka bam a Borno, aka yanke masa ƙafar hagu ƙasa da gwiwa. Wata tara ke nan. An sa masa ƙafar roba wata biyu da suka wuce, yana koyon tafiya da ita. Yanzu an ce kwamitin likitoci zai zauna a kansa, kuma mai yiwuwa a sallame shi. Ina da NCE, na koyar shekara huɗu a makarantun kuɗi, amma yawan canjin wurin aikinsa ya sa na bari tun 2019. Abin da nake yi yanzu zoɓo ne da kunun aya da nake kaiwa kasuwar Mami ta cikin bariki. 'Yan uwansa sun ce idan garatuti ya fito a sayi Keke Napep biyu a ba yara su riƙa kawo balas, mu kuma mu koma ƙauye. Ni ina so in koma koyarwa, amma wa zai kula da shi? Ba ya samun barci, yana firgita da dare, abu kaɗan sai ya hasala. Kuma ya ce muddin yana raye ba mace ce za ta ciyar da shi ba. Ku ba ni shawara.

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah Ya ba maigida lafiya, Ya sa kaffara ce, ke kuma Ya saka miki da alheri a kan wannan jinya.

A kan aiki kika yi tambaya, amma akwai abin da ya fi shi gaggawa saboda ƙofarsa tana gab da rufewa, wato takardu. Muddin maigida na cikin kaki, akawun bataliya ya san shi, kwamandansa yana iya sa hannu a kan takarda yau a gyara ta gobe. Daga ranar da aka miƙa masa takardar sallama, gyaran da zai ci mako ɗaya a cikin bariki sai ya koma tafiya Abuja, da kuɗin mota, da bin ofis-ofis a kan ƙafar roba.

Abu biyu rahoton kwamitin likitoci zai faɗa, kuma haƙƙin nakasar da za a biya shi a kansu ya rataya. Na ɗaya, matakin nakasar, kashi nawa cikin ɗari. Na biyu, dalilinta: a bakin aiki aka same ta ko kuwa. Ya karanta rahoton da idonsa kafin ya sa hannu, ya tabbatar an rubuta ranar da abin ya faru, da wurin, da rukunin da yake a lokacin, daidai da yadda siginar, wato saƙon soja, da aka aika a ranar ta faɗa. Kada ya yi jarumtar soja a gaban likitoci. Idan kunne ɗaya ya daina ji sosai tun ƙarar bam ɗin, ya faɗa. Idan akwai ɓarɓashin ƙarfe a jikinsa, ko ciwon baya, ko wannan firgitar dare, duk ya faɗa a rubuta. Abin da bai shiga rahoton ba, wuya ne a yarda da shi bayan shekara biyar.

Kafin kwamitin ya zauna ma, ki tambaye shi shi me yake so. Ba kowane sojan da ya rasa gaɓa ake sallama ba. Akwai waɗanda ake saukar da matakin lafiyarsu a bar su a ofis ko sito ko makarantun horo. Hukuncin na hukuma ne, amma roƙo a rubuce ta hannun kwamanda ba laifi ba ne, kuma mutumin da ya riƙe sito shekara uku yana da hujjar da zai kafa. Kowace shekarar da ya ƙara a aiki tana ƙara masa fansho.

Sai ki samo fayil biyu, ki yi fotokwafin komai sau biyu, ki kuma ɗauki hotonsu a waya: takardar ɗaukarsa aiki, takardun ƙarin girma, takardar albashi ta watannin baya-bayan nan, rahotannin asibiti tun daga ranar farko, da shaidar duk kwas ɗin da ya yi. Ki duba ko aurenku da haihuwar yara huɗun duk sun fita a takardar da 'yan bariki ke kira "pat tu oda", ki kuma duba sunan wa ke rubuce a matsayin magajinsa. Sojoji da yawa sun rubuta uba ko wa tun suna kurtu, suka yi aure suka manta ba su canza ba. Daga nan ki jera sunansa da ranar haihuwarsa kamar yadda suke a takardun soja, da NIN, da BVN, da asusun banki. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko shekarar haihuwa ta bambanta da ɗaya, ya isa ya tsayar da biya wata da watanni. Fanshon soja ba ya bi ta kamfanonin fansho irin na sauran ma'aikata. Hukumar Fanshon Soji da ke Dutse Alhaji a Abuja ita ke biya, kuma tana tantance 'yan fansho lokaci-lokaci da waɗannan bayanan. Duk wanda ya kira ku a waya ya ce zai gaggauta fitar kuɗin idan an ba shi wani kaso, ko ya nemi lambar sirrin kati, ɗan damfara ne.

Abu biyu kuma ya nema tun yana ciki. Na farko gurbi a Cibiyar Sake Tsugunar da Sojoji da ke Oshodi a Legas, inda ake yi wa masu shirin barin aiki kwas na wata shida a kan sana'o'i irin su ɗinki, haɗa takalma, walda, kafinta, gashin burodi, kiwon kaji da kifi, da kwamfuta. Ta hannun rukuni ake tura suna, saboda haka yanzu ne lokacin tambaya. Wata shida a Legas ba ƙaramin abu ba ne ga wanda bai gama sabawa da ƙafar roba ba, sai likitansa ya ce ya isa. Na biyu rajistar inshorar lafiya ta DHML, wadda ke kula da sojoji masu aiki da waɗanda suka yi ritaya. Ku zaɓi asibitin da ke kusa da inda za ku zauna, kuma ku nemi a faɗa muku a rubuce wa ke da alhakin canza ƙafar roba idan ta lalace. Ba a yin ta sau ɗaya a gama. A shekarar farko dungulmin yana ta motsewa, sai soket ɗin, wato kofin da yake shiga, ya yi masa yawa a sake wani. Bayan nan ma duk 'yan shekaru sai an canza.

Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ba mu goyon bayan komawa ƙauye yanzu. Mai ƙafar roba yana buƙatar masu gyaranta da masu gashin ƙashi a kusa, irin waɗanda ke asibitin soja na 44 a nan Kaduna ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Idan sai an yi tafiyar awa huɗu kafin a sassauta wurin da ke gurzar fata, mutum zai daure ne har ya zama gyambo, daga nan ya ajiye ƙafar ya koma sanda, aikin wata tara ya rushe. Ƙauye kuma ba shi da makarantar da za ta biya ki albashi, ba shi da iyayen da za su biya kuɗin lesin. Ku nemi haya a gefen gari, ɗakin ƙasa, wanda ba shi da dakali mai tsawo a ƙofa. Ki leƙa banɗaki kafin ki duba falo: tsuguno a masai yana da wuya da ƙafa ɗaya, idan babu na zama sai a sayi kujerar bahaya a ɗora, a kuma kafa ƙarfen kamawa a bango.

Tsakanin albashin ƙarshe da alat ɗin fansho na farko ana iya samun giɓi na watanni, kuma cikin wannan giɓin ne za a ce ku ba da gidan bariki. Daga wannan watan ki fara ware abin da zai riƙe ku. Cinikin Mami ya ginu ne a kan "sai wata ya yi", to ki fara karɓar bashinki yanzu ki daina ba da sabo, domin da zarar an ji za ku tashi, masu biya raguwa suke yi. Kada ki shiga sabon adashin da ɗaukarki za ta faɗo bayan kun bar bariki. Idan kina cikin wani, ki roƙi uwar adashi ta matso da ke gaba. Ki kuma je wajen magajiya, wato shugabar matan bariki, ki gaya mata halin da ake ciki. Ƙungiyar matan sojoji NASWA, da ta matan hafsoshi NAOWA, da ta matan hafsoshin tsaro da 'yan sanda DEPOWA suna shirya koyar da sana'o'i, wani lokaci har da kayan fara aiki, kuma galibi ta hannun magajiya sunaye ke tafiya. Wadda ta yi shiru a ɗaki ba a tunawa da ita.

Yanzu maganar Keke. 'Yan uwansa ba da mugun nufi suka faɗa ba, shi ne jarin da kowa ke gani a titi. Amma a ɗauki biro a yi lissafi a gabansu. A ce an sayi ɗaya naira miliyan 4, direba yana kawo 6,000 kullum, kwana 26 a wata: 156,000 ke nan. A cire a ƙalla 30,000 na juyen mai, taya, birki da takardu, saura 126,000. Sai an yi kusan wata 32 kafin uwar kuɗi ta dawo, idan ba a yi haɗari ba, injin bai buga ba, direban bai tsallake ko kwana ɗaya ba. Ku sa farashin garinku a gurbin waɗannan, amsar ba za ta yi nisa da haka ba. A lokacin da kuɗin zai dawo, Keken ya tsufa. Inda abin ya fi lalacewa kuwa shi ne idan direban ɗan dangi ne: ya ce yau babu kasuwa, gobe an kama shi, jibi taya ta fashe, kuma ba mai iya kai ɗan wansa ƙara. Keke yana biyan mai shi ne idan shi ke tuƙawa, ko yana iya bin sawu kullum da yamma. Idan dole sai an yi, a yi ɗaya, da yarjejeniya a rubuce, da mai tsaya wa direba wanda ba ɗan gidan ba, takardun kuma da sunan maigida.

Garatuti sau ɗaya ake ba da shi, kuma shi ne sakamakon aikin shekara 16 da ƙafar da ya rasa. Shawararmu kada a taɓa shi da sunan jari sai fansho ya shigo wata uku a jere, kun ga abin da zai riƙa zuwa da idonku. Sannan a raba shi uku. Kashi ɗaya na muhalli, hayar shekara biyu ko fili mai takarda idan ya kai. Kashi ɗaya na ko-ta-kwana, wanda zai ɗauki abinci da magani da kuɗin makaranta na wata shida, a ajiye shi a asusun da ba shi da katin cirewa a aljihu. Abin da ya rage shi ne jari, shi ma kada a zuba shi lokaci ɗaya. Wanda ba a buƙata nan kusa ana iya sa shi a takardun lamunin ajiya na Gwamnatin Tarayya, da ake sayarwa duk wata daga naira 5,000, na shekara biyu ko uku; idan kuna guje wa kuɗin ruwa, akwai Sukuk na gwamnati da asusun mudaraba a bankuna irin su Jaiz da TAJ. Hukumar NDIC tana lamunce wa mai ajiya a bankin kasuwanci har naira miliyan 5 idan banki ya durƙushe, don haka kuɗin da ya haura nan a raba shi banki biyu. Duk wanda ya zo da alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya, ku tuna da damfarar MMM a 2016 da ta CBEX a 2025. 'Yan mazan jiya da suka karɓi kuɗi a dunƙule su ne irin waɗanda masu wannan harka ke farauta.

Mu dawo kanki. Tambayarki "wa zai kula da shi" ba a amsa ta da zuciya, da agogo ake amsa ta. Ki ɗauki littafi ki yi mako ɗaya kina rubuta duk abin da kika yi masa da lokacin da ya ci: wanka, sa ƙafa da cire ta, magani, rakiya asibiti. Ki sa alama a kan abin da ba zai iya da kansa ba ko kaɗan, da abin da kike yi masa don tausayi ko don ya fi sauri. Mutumin da aka yanke ƙasa da gwiwa, gwiwarsa na nan, ɗaya ƙafar lafiya lau, yawanci yana kaiwa ga yin kusan komai da kansa. Ana sa ran za ki ga aikin ya taru da sassafe da kuma dare, tsakiyar rana a sake take. Abin da ba a wasa da shi kaɗan ne, kuma shi ya kamata ya riƙe shi: wanke dungulmin kullum a busar da shi sarai, duba fatar da madubi duk lokacin da aka cire ƙafar, ƙara ko rage safa idan soket ya yi sako-sako ko ya matse, da miƙe gwiwa idan yana zaune ko kwance. Kada a riƙa sa matashi a ƙarƙashin gwiwar, domin tana iya ƙagewa a lanƙwashe ƙafar roba ta ƙi zama. Jan da bai baje ba bayan kamar minti 15 da cire ƙafar, ko ƙurji, ko fatar da ta buɗe, a ajiye ƙafar a je asibiti. Yawan yi masa komai yana jinkirta warkewarsa, kuma yana cikin abin da ke hasala shi.

Koyarwa ta dace da wannan tsarin fiye da yawancin ayyuka, tunda ana tashi da azahar, akwai hutu sau uku a shekara, kuma duk garin da kuka koma akwai makaranta. Matakin farko rajista da hukumar malamai ta TRCN idan ba ki da ita. Ana rubuta jarrabawar cancanta a kwamfuta, masu NCE suna rukunin D, kuma ana neman shaidar a ɗaukar malaman gwamnati da manyan makarantun kuɗi. Idan hannunki ya manta kwamfuta, ki biya awa biyu ko uku a shagon kwamfuta ki gwada tsofaffin tambayoyi. Mataki na biyu, ki kira makarantun da kika koyar ki nemi takardar shaidar aiki mai ɗauke da shekarun da ajin da kika riƙe, tun kafin shugabannin da suka san ki su bar wurin.

A CV kada ki ɓoye shekarun da kika yi a gida, kada kuma ki yi dogon bayani. Layi ɗaya ya isa: daga 2019 zuwa yanzu, canjin wurin aikin maigida da jinyarsa. A ƙarƙashinsa ki sa abin da kika yi da gaske, sana'ar da kika gudanar, ko karatun da kika yi wa yaran maƙwabta. Abin da mai makaranta ke tsoro game da matar soja shi ne ta fara zango a ɗauke mijinta ta tafi. Ki faɗa da bakinki cewa yawon ya ƙare, kun zauna ke nan. Ki shirya darasi ɗaya na minti 20 da tsarinsa a rubuce, domin za a iya cewa ki shiga aji nan take. Ki fara da makarantun cikin bariki da na NAOWA tun kuna nan, ko da zango ɗaya ne, don CV ɗin ya samu sabuwar shekara a kansa. Kafin ki karɓi aiki ki tambayi albashi, da ranar biya, da ko ana biya lokacin hutu, ki kuma nemi takardar ɗauka. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan makarantu da yawa a nan suke fakewa. Ki cire kuɗin mota na wata daga abin da aka ce za a ba ki. Makarantar da za ki taka da ƙafa ta fi wadda ta ɗara ta da dubu goma a ƙetaren gari.

Lesin gida shi ne abin da za ki iya farawa a makon nan ba tare da kin bar shi ba. Yara 10 'yan aji huɗu zuwa shida, Turanci da lissafi, daga huɗu zuwa shida na yamma, kwana huɗu a mako. Idan kowane ya biya 4,000, kin ga 40,000, jarinki allo da alli da tabarma. A karɓi kuɗi a farkon wata, kada a haɗa ɗan aji ɗaya da ɗan aji shida a zama ɗaya, nan ne lesin ke watsewa. Aikin gwamnati kuma ki riƙa sauraron sanarwar hukumar ilimin bai-ɗaya, wato SUBEB, ta jihar da za ku zauna, ki tanadi takardar indijin tun yanzu, ba a biyan kowa kuɗi don a samu gurbi. Idan abubuwa sun lafa, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN tana ɗaukar masu NCE zuwa digirin koyarwa, karatun daga gida, jarrabawa a cibiyar da ta fi kusa. Ba na bana ba ne.

Zoɓo da kunun aya kada ki yar da su, kada kuma ki dogara da su. Ribarsu a kan wuta take, kunun aya ba ya kwana babu sanyi, kuma wutar da kuka saba da ita a bariki ba lallai ku same ta a unguwa ba. Ki zauna wata ɗaya a sabon gidan ki ga yadda wutar take kafin ki sayi buhun aya.

Shi ma maigida ma'aikaci ne, kada a mayar da shi majinyaci har abada yana ɗan shekara talatin da wani abu ko arba'in. Matsalar tsofaffin sojoji wajen neman aiki ita ce suna rubuta muƙami da sunayen bataliyoyi, mai kamfani bai san me ake nufi ba. A rubuta da harshen farar hula: ya shugabanci mutum kusan 30, ya tsara jadawalin aikinsu, ya riƙe sito shekara uku da littafin shiga da fita. Wannan shi ne abin da ake nema a ma'ajin kaya na kamfani, ko mai kula da masu gadi, ko mai zama a ɗakin kyamarorin tsaro. Kada ya karɓi gadin ƙofa na tsayuwar awa 12, dungulmin ba zai ɗauka ba. Idan kamfanin tsaro ne, a tabbatar yana da lasisin hukumar Sibil Difens. Ya yi rajista da ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Lijon a jiharku, domin labarin gurabe a cikinsu yake yawo. Tunda ƙafar hagu ce, mota mai canza giya da kanta ba ta gagare shi ba idan likita ya amince. Ayyukan zaune kamar shagon POS ko gyaran waya su ma suna yiwuwa, ya fara zama a shagon wani wata biyu ya ga cinikin kafin ya buɗe nasa. Akwai kuma dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, da ta ce hukumomin gwamnati su ware a ƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki ga masu nakasa. Ba a cika aiki da ita yadda ya kamata ba, amma ya nemi shaidar Hukumar Masu Nakasa ta Ƙasa ya riƙa haɗa ta da kowace takardar neman aiki.

Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai ɗore idan ba a kula da barcinsa ba. Firgita da dare, saurin fushi, gudun taro, zabura idan an buga ƙofa, sanannun alamu ne ga wanda ya tsira daga irin abin da ya gani. Ciwo ne mai magani, ba rauni na zuciya ba ne, ba kuma hauka ba ne. Addu'a da asibiti tare suke tafiya. Ya faɗa wa likitansa a tura shi ga masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, a asibitin soja ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a nan Kaduna. Idan zai fi saurara daga bakin abokin aikinsa ko limamin bariki, ki bi ta nan. Ki sa ido a kan maganin ciwo, musamman tramadol: idan ya fara wuce abin da aka rubuta masa ko yana aiken yara kemis, likita ya sani. Jin ciwo ko ƙaiƙayi a ƙafar da babu ita abu ne da aka sani, yana da nasa maganin dabam. Idan kuwa ya taɓa cewa gara ya mutu, ko fushin ya kai ga ɗaga hannu a kanki ko yara, wannan ba abin rufewa ba ne, a ranar za ki kai maganar asibiti da wajen babban da yake jin nauyinsa.

Maganarsa ta cewa mace ba za ta ciyar da shi ba, kada ki yi gardama da ita, domin gaskiya ce: ba ke za ki ciyar da shi ba. Fanshonsa zai shigo duk wata, guminsa ne. Ku tsara yadda cefane da haya za su fita daga fanshon, ta hannunsa, kamar yadda aka saba. Naki ya tafi kuɗin makarantar yara da sutura da ajiya. Ki kawo masa maganar a matsayin shawarar da kike nema, da lissafin a takarda, lokacin da ya samu barci, ba a gaban 'yan uwansa ba. Maganar Keke kuma shi ya kamata ya amsa musu da bakinsa. Idan daga bakinki ta fito, za a ce matar ce ta riƙe kuɗin. Ki ba shi littafin kuɗin lesin ya riƙe, idan yana da sha'awa ya karɓi darasin lissafi. Saje ya san yadda ake tsayar da yara goma wuri ɗaya.

Kafin ki karɓi aikin safe, ku gwada. Ki fita awa biyu, bayan kwana uku ki fita awa huɗu, sannan daga bakwai zuwa biyu. Ki bar masa ruwa, abinci a kula, magani, sanduna a gefen gado, da waya mai caji da kati. A ɗauke ledar ƙasa mai santsi da duk wayar wuta da ta gitta hanyar banɗaki. Ki samu maƙwabci ɗaya da zai iya zuwa cikin minti biyar idan an kira, ki kuma tambayi masu gashi su koya masa yadda ake tashi daga ƙasa idan ya faɗi. Ranakun asibiti ki nemi a riƙa ba ku na rana ko na lokacin hutu, kuma ki gaya wa mai makaranta tun ranar ganawa cewa sau ɗaya a wata za ki iya neman izinin rabin yini. Idan babbar 'yarku ko babban ɗanku zai taimaka, ya zama bayan an tashi daga makaranta, kada a cire kowa daga aji saboda jinya.